Gyaɗar Kasuwa da Gyaɗar Gida

Mazan gidanmu ciki ne ke kashe su. Haka mutanen ƙauyenmu da ke yankin Rawayau a ƙasar Kurfi suke faɗa tun ina yaro, kuma ba ƙarya suka yi ba. Mahaifinmu ya rasu cikinsa a kumbure kamar tulu, hannuwansa sun tsotse, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Ƙanensa ma da irin wannan kama ya tafi. Wasu suka ce gado ne, wasu suka ce sammu ne da ya samo asali daga wata tsohuwar rigimar iyakar gona. Maganar sammu ban taɓa yarda da ita ba. Ta gadon kuwa ba ta bayyana komai ba, ta dai ba mutane damar naɗe hannu. Abin da zan rubuta a nan shi ne yadda ciwon ya ɗauki ƙanena, da abin da nake yi har yau domin kada ya ɗauki babban ɗansa, wanda gidan da gonakin suke wuyansa yanzu.

Ni ban girma a ƙauyen ba. Ina ƙarami aka kai ni makarantar mishan, inda wata Baturiya take jera mu kowace safiya tana duba farce da bayan kunne kafin a shiga aji. A hannunta na koyi cewa kowace cuta tana da ƙofar da take shigowa, kuma aikin mai hankali shi ne ya nemo ƙofar ya rufe. Da wannan karatu na yi aikin duba-gari har na yi ritaya a Dutsin-Ma, inda nake zaune. Ƙanena, wanda na girme shi nesa ba kusa ba, shi ya tsaya a gida ya riƙe garma. Mutum ne mai fara'a da son ba'a. Bai taɓa shan taba ba, bai san ɗanɗanon giya ba, kuma yakan ɗaga buhun masara shi kaɗai ya aza a kan amalanke. Na faɗi wannan ne domin kada mai karatu ya zaci ciwon daji sai wanda ya yi wa jikinsa ganganci yake kamawa.

Wata kaka na je gida da hantsi, lokacin ana ɓarar gyaɗa. Ina yin sallama a zaure na ji muryarsa daga tsakar gida.

"Duba-gari ya iso! Ku kife tukwane, ku kori kaji!"

Mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya fito ya karɓi sandata, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Yaya, gwamnati dai ta sallame ka, amma hancinka ya ƙi yarda an sallame shi. Tun daga nan na ga kana shinshine-shinshine."

Matarsa da matar babban ɗansa suna zaune a kan tabarma, kowace da faifai a cinya, suna tsintar gyaɗa. Aiki ne da na gani tun ina yaro a hannun mahaifiyarmu, kuma bai sake ba ko kaɗan. Ƙwayar da ta cika, ta yi ja sumul, ita ake zubawa a buhu domin kasuwar Kurfi, ita ce ta kasuwa. Wadda ta yamushe, ko ta tsage, ko ƙwaro ya huda, ko ta yi baƙin tabo, ko aka ɓare aka ga wani gari mai ruwan kore-kore a cikinta, sai a jefa ta a wani tsohon kwando. Wannan ita ce ta gida. A kanta ake ƙara gyaɗar roro, wato wadda aka bi gona aka tono bayan an gama cira, wadda ta daɗe a cikin ƙasa mai laima. Daga wannan kwando ake soyawa a niƙa a matse mai, a yi ƙuli-ƙuli da tunkuzar, a dama kunu, a kaɗa miya, a daka yaji. Ita gidan yake ci har wata kakar ta zagayo. Masara ma haka ake yi mata: zangarniyar da ta yi kyau a sayar, wadda kanta ya yi baƙi a kai niƙa domin tuwo.

Wannan ba rowa ba ce, ba kuma ƙazanta ba ce. Matar ƙanena mace ce mai tsabta, ban taɓa samun abin da zan yi magana a kai a madafinta ba, ni kuwa ba na rasa abin magana. Tattali ne. Mai saye a kasuwa yana tura hannu cikin buhu, ya ɗebo, in ya ga baƙar ƙwaya ya wuce gaba. Saboda haka abin da baƙo ya ƙi saya, shi maigida da 'ya'yansa suke ci. Wannan shekarar kuwa kwandon ya fi na kullum cika. Ruwa ya ɗauke lokacin da gyaɗa take cika ƙwaya, ya kuma dawo daidai lokacin cira. Ga shi gonakin nesa ba a daɗewa a cikinsu saboda 'yan bindiga, sai a cire a gaggauce, a tara a ƙasa, a ɗura a buhu tun ba ta gama bushewa ba.

Na ɗauki ƙwaya guda daga kwandon, na raba ta da farce, na kai hanci. Warin funfuna ne. Tun a ƙarshen shekarun aikina aka koya mana cewa funfunar gyaɗa da ta masara tana fitar da guba mai cin hanta, kuma na sha faɗin haka a gidan nan ana ɗauka tsegumin ɗan boko ne. Na sake faɗa. Matar ƙanena ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ai sai ta bi ta wuta." Na ce wuta ba ta kashe wannan gubar. Hannunta bai tsaya ba.

Ban tsananta ba a ranar, domin hankalina ya koma kan wani abu. Na lura lokacin da ƙanena ya durƙusa, sai da ya dafa bango ya tashi. Zariyar wandonsa a ƙasan cibiya ya ɗaure ta, wuyansa ya yi siriri, rigarsa ta rataye a kafaɗa amma ta matse a ciki. Da aka kawo tuwo, loma kaɗan ya yi ya nemi ruwan wanke hannu. Na ce ya dubi haske in ga idonsa. Ya duba yana murmushi.

"Shawara ce, Yaya. Wanzami ya yi mini ƙaho, ina kuma shan jiƙo. Ta kusa fita."

Na sa shi ya kwanta a tabarmar zaure, na danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Abin da yatsuna suka taɓa mai tauri ne, mai ƙulli-ƙulli, kamar an shimfiɗa tabarma a kan tsakuwa. Na san wannan taurin. Na taɓa shi ina saurayi, lokacin da nake tallafar mahaifinmu ya zauna.

Na ce, "Gobe za ka bi ni Dutsin-Ma."

Murmushin ya ɗauke. Ya ce, "Yaya, in dai wancan ciwon ne na Baba, ka san ba shi son ƙarfe. Allura na taɓa shi zai husata, shi bazu."

"Askar da wanzami ya tsattsaga maka baya da ita, da itace aka yi ta?"

Ya yi dariya har ya riƙe gefen cikinsa, ya ce shi ya sa ba a gardama da 'yan mishan. Amma gobe bai biyo ni ba. Ya ce sai an kai amfani gida, sai an yanke dawa, sai an ɗaure harawa. Na aika, na sake aikawa, na kira a waya har ya daina ɗauka. Sai da ya kasa hawa babur da kansa, ɗansa ya goyo shi ya kawo mini shi.

A asibitin Dutsin-Ma aka ɗebi jininsa, aka ce mu wuce Katsina a yi hoton ciki. Likitar da ta gan mu a can yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar jikata ba. Na ga ta wanke hannu kafin ta taɓa shi, ta kuma wanke bayan ta gama, sai na natsu na saurare ta. Ta yi masa tambayoyi a kan abin da yake ci, da wanda yake yi masa aski, da irin mutuwar da mahaifinsa ya yi. Bayan an kawo sakamako ta zaunar da mu ta faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Akwai ƙwayar cutar hanta a jininsa, wadda ta ce wataƙila tun yana jariri ko yana ƙaramin yaro ta shiga. Akwai kuma daji a hantar, ba wuri guda ba, kuma ya wuce a yanke.

Ƙanena ya ce, "Likita, watan jiya fa nake noma."

Ta ce, "Baba, ciwon ya yi shekara da shekaru yana noma tare da kai, ba ka sani ba. Hanta ba ta kuka da wuri."

Bayanin da ta yi mana, da abin da na ƙara nema daga baya, zan faɗe shi yadda na fahimta. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Suna tsufa suna mutuwa, wasu suna maye gurbinsu, kuma kowace sabuwa daga tsohuwa take rabuwa, ɗauke da kwafin umarnin da ke gaya mata aikinta, da lokacin da za ta rabu, da lokacin da za ta tsaya. A makarantarmu, idan yaro ya kwafi darasi daga littafin wani yaro, shi ma wancan daga na wani ya kwafa, kuskure ɗaya yakan bi aji duka. Abin da ke tsare mu shi ne malama tana bi layi-layi tana gyarawa. Jiki ma yana da mai gyara irin wannan, kuma yawancin kurakurai ana kama su, a gyara, ko a kashe ƙwayar da ta lalace. Amma idan kwafin ya yi yawa fiye da kima, ko wani abu yana ɓata rubutun, sai wasu kurakurai su tsallake. Ɗaya ba ya kawo daji. Taruwa suke yi, wani a kan wani, cikin shekaru, har a sami ƙwaya guda wadda layin da ya ce mata ta tsaya ya goge. Wannan ba ta tsayawa. Tana rabuwa, 'ya'yanta suna rabuwa, suna janye abinci da jini, suna matse na kirki, daga baya su bi jini su kafa zango a wani wuri.

A hantar ƙanena abu biyu ne suka haɗu. Ƙwayar cutar tana ji wa hantar rauni kullum, hantar tana gyara kanta kullum, wato kwafi ba hutawa. Gubar funfuna kuma tana shiga da kunu da miya da ƙuli-ƙuli tana ɓata rubutun, har da wurin da mai gyaran kansa yake karanta nasa umarnin. Kowannensu shi kaɗai haɗari ne. Idan suka haɗu a jiki ɗaya, haɗarin ninkuwa yake yi. Likitar ta yi adalci, ta ce ba mai iya rantsuwa cewa abu kaza ne ya jawo wa mutum kaza ciwo, akwai wanda zai ci irin abincin nan har ya tsufa lafiya. Amma ta ce gidan da maza suke bin juna da kumburin ciki, ya kamata a dubi jininsu a dubi rumbunsu. Abin da mutanenmu suke kira gado ke nan: uwa ta ba ɗa ƙwayar cutar wajen haihuwa, ko aska ɗaya ta bi kawunan 'yan gida duka, sannan kowa ya ci daga kwando ɗaya.

Aka ba shi magungunan rage zafi da na rage ruwan ciki, muka koma. A mota, da muka wuce Kurfi, ya juyo ya dube ni. Ya ce, "To, Yaya, ka ci gardama." Na ce ba gardamar da nake so in ci ba ce.

Na zauna a ƙauyen wannan karon. Washegari da safe na sa aka fito da buhunan ta gida daga ɗakin ajiya, inda suke jingine da bango a kan dandaɓe mai sanyi. Na kwance ɗaya, warin ya bugo. Na ce a zazzage, a sake tsincewa, duk wadda ta yi baƙi ko kore ko ƙwaro ya huda a ƙone ta. Matar ƙanena, wadda tun aurenta ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, ta tsaya a gabana.

"Malam, abinci ne fa. A ƙona abinci?"

"Ba abinci ba ne, Hajiya. Kamarsa kawai ya yi."

"To a ba awaki."

"Gubar za ta fito a nononsu, ku sha."

"Uwarku ita ta koya mini tsintar nan, da hannunta. Haka ta ciyar da ku."

"Haka ta ciyar da mu, kuma kin san yadda mijinta ya tafi."

Ta ce, "Ke nan ni na kashe shi. Ni nike dama mashi kunun."

Ban saba lallashi ba, amma na gaya mata gaskiya, ita ce kuwa ta fi lallashi amfani. Na ce ƙwayar cutar tana jikinsa tun kafin a kawo ta gidan, ba wanda ya taɓa gaya mata abin da ke cikin kwandon da harshen da za ta gamsu, kuma laifi yana farawa ne daga ranar da mutum ya sani. Na ce yau ta sani, ga ɗanta can yana ɗaure shanu, ga jikokinta suna cin ƙuli a bakin ƙofa. Ta juya ta dube su. Ba ta ce ta yarda ba, amma ta ɗauko faifai.

An ƙone wani kaso a bayan gida. Hayaƙin yana da ƙamshin suyar gyaɗa, maƙwabta suka leƙo ta kan danga, na ji wata tsohuwa tana cewa boko ya taɓa ni tun ina yaro, yanzu ne ya fito fili. Na san kuma ba duka aka fito da su ba, domin na ga inda buhu ya bar sawu a ƙasa aka ja shi zuwa ɗakin matar babban ɗan.

Wanzamin gidan ya zo yi wa ƙanena aski kamar yadda ya saba. Sa'ana ne, tare muka yi kiwo kafin a kai ni makaranta. Ya buɗe zabira ya ɗauko aska ya fara wasa ta a tafin hannu. Na miƙa masa sabuwar reza a cikin takardarta.

Ya ce, "Kai ɗan mishan, askar nan ta aske ubanka."

Na ce, "Na sani. Shi ya sa."

Ya dube ni, ya dubi mai jinyar, ya mayar da askar cikin zabira. Ya yi askin da reza yana gunaguni cewa wannan abin wasan yara ne. Da zai tafi na ce masa daga yau duk wanda zai taɓa a gidan nan, aski ne ko kaciya ko cire beli, da sabon ƙarfe zai taɓa shi. Ya ce to, irin to ɗin da ake yi wa tsoho don ya yi shiru.

Ƙanena bai kai damina ba. Cikin ya yi ta tashi, sauran jikin yana narkewa, ba'ar ta ragu har ta ƙare. Wata rana da la'asar ɗansa ya shigo ya gyara masa matashi ya fita. Da yake ɗan fari ne, uban bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa sakin fuska da shi a gaban mutane ba. Ya bi bayansa da kallo, ya ce mini, "Yaya, wancan. Ka kai shi a duba. Kada ka biye mashi in ya ce sai an gama aiki. Halina gare shi."

Bayan addu'ar bakwai na ce wa yaron ya shirya. Na ce yaro, amma magidanci ne mai 'ya'ya, ƙaƙƙarfa kamar ubansa a shekarunsa, kuma ya gaji bakinsa. Ya ce, "Baba, ni lahiyata lau. Dubi hannuna." Na ce ubansa ma hannunsa ya nuna mini. Na kwashe su duka, shi da matarsa da yaran da uwarsa, zuwa Dutsin-Ma aka ɗebi jini. Matarsa ba ta da ƙwayar cutar, aka fara yi mata rigakafi. Yaran ma ba su da ita. Ƙananan an yi musu allurar jarirai tun farko, babbar da aka tsallake aka sa ta a layi. Uwarsa ba ta da ita. Shi yana da ita.

Ya riƙe takardar ya juya ta gaba da baya, ko da yake ba ya karanta boko. Ya ce, "Ke nan nawa ya zo."

Na ce bai zo ba. Na ce ɗauke da ƙwayar cuta daban, daji daban, kuma mutane da yawa suna tsufa da ita ba ta zama komai ba. Amma hantarsa ta riga ta ɗauki kaya guda, ba za ta iya ɗaukar na biyu ba. Na jera masa abin da likita ta ce, na kuma sa ya maimaita mini da bakinsa. Kada gyaɗa ko masara mai funfuna ta sake shiga cikinsa. A cire gyaɗa a kan kari, a shanya ta a kan tamfol har sai ta yi ƙara in an girgiza, a ajiye ta da ɓawonta a kan katako nesa da bango. Ta gida a ɗebe ta daga mai kyau tun kafin a ɗinke buhun kasuwa. Ya bar jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ya bar sayen ƙwayoyin gajiya a hannun masu talla. Taba da giya ba ya sha, na ce ya ci gaba da rashin sha. Ya riƙe rezarsa da abin yankan farcensa shi kaɗai. Sannan duk wata shida ya zo a ɗebi jini a yi hoton ciki, ko yana jin ciwo ko ba ya ji, domin idan jinin ya nuna buƙata akwai maganin da ke danne ƙwayar cutar, idan kuma wani abu ya tsiro, a gan shi yana ƙarami lokacin da ake iya cire shi.

Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Baba, in tambaye ka mana. Wadda muka tsince, in ba mu ci ba, ka san masu ƙuli za su zo har gida su saya. Su soya, su kawo Dutsin-Ma. Kai da wa za ku ci?"

Ya faɗa ne da wasa, amma ban sami abin dariya a ciki ba. Na ce shi ya sa ake ƙonewa. Ya ce shi zai ƙone tasa, saura gidaje nawa ne a ƙasar Kurfi? Tun daga ranar ban sake sayen ƙuli-ƙuli a kasuwa ba. Nakan sayi gyaɗa in tsince da hannuna, a yi mini a gida. Idan na bi ta tasha na ga yara sun sayi na talla suna gurgura, nakan rage tafiya, in rasa wanda zan yi wa magana, in wuce.

Zuwan farko ya zo da kansa. Na biyu sai da na kira shi sau da yawa. Na uku ya faɗo daidai lokacin cirar gyaɗa. Na shirya da ma'aikacin hoton da ke zuwa asibitin garinmu a ranakun da aka tsara, na gaya wa yaron ranar, ya ce in Allah Ya so. Na san wannan amsar. Tun da safe na je na zauna a kan benci a bakin ƙofar asibitin, sandata a tsakanin ƙafafuna. Rana ta ɗaga, masu jinya suka shiga suka fito. Na kira wayarsa, matarsa ta ɗauka ta ce ya tafi gona, hadari ya haɗu, yana so ya kwashe shanya. Na ce ta aika a gaya masa ina zaune a ƙofar asibiti, ban ci komai ba, kuma ba zan tashi ba sai ya zo, in kuma rana ta kayar da ni, mutanen Dutsin-Ma sun san ɗan wa ya sa.

Bayan azahar ya iso a kan babur, ƙafafunsa duk ƙasa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, wallahi kai ma ciwo ne." Na ce ya je famfo ya wanke ƙafa kafin ya shiga.

Na shiga tare da shi. Ya kwanta, aka shafa masa mai a ciki, ma'aikacin ya fara bin ƙarƙashin haƙarƙarin da na'urar yana kallon allo. Ni ba na iya karanta wannan hoton, fuskar mutumin nake karantawa. Ya wuce wani wuri, ya dawo, ya danna, ya ce wa yaron ya ja numfashi ya riƙe. Ya daɗe a wurin. Yaron ya juyo da ido ya dube ni, a karon farko ban ga ba'a a fuskarsa ba.

Ma'aikacin ya ce bai ga ƙari ba. Ya ce amma fuskar hantar ba ta yi santsin da yake so ba, ta ɗan fi ta wancan zuwan kaushi, a kai wa likita hoton tare da sakamakon jinin, kada a jira wata shida.

Muka fito. Hadarin da matarsa ta faɗa ya taso ta gabas, ya yi baƙi. Yaron ya goge cikinsa da gefen riga yana kallon sama, ya ce ya bar rabin gyaɗar a shanye. Na ce jibi za mu Katsina. Ya ce jibi kasuwa ce. Na ce jibi za mu Katsina, kuma a gidana zai kwana gobe domin mu kama motar farko. Ya tayar da babur.

Na tsaya har ya sha kwana. Da na juya zan tafi gida sai na ga gwiwoyina sun ƙi ɗaukata, zaman bencin ya yi musu yawa. Wani mai gadi ya kama ni ya zaunar, ya ce, "Baba, kai ma ka shiga a duba ka mana." Na ce ba ni ne mai jinyar ba. Ya tambaye ni ko ba ni da wani yaro da zai riƙa kawo mai jinyar a madadina. Na yi tunani, na bi 'yan gidan ɗaya bayan ɗaya a raina, ina neman wanda zai iya zama a kan bencin nan daga safe har azahar ya ƙi tashi, wanda kuma yaron zai ji kunyarsa ya baro gona. Ban samu ba. Na ce wa mai gadin ya taimaka ya tsayar mini da mai babur, domin ina da shirin tafiya jibi.